Wuyan Rigar da Mama Ta Yanka

San Andrés, Oaxaca

Zuwa ga Mamata Herminia,

Ina gaishe ki da girmamawa da kewa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ƙanina Brayan da Kawu Fidencio da duk 'yan garinmu da ke can garin Madera. Ubangiji ya sassauta miki ciwon bayan nan, ya tsare hannuwanki yanzu da kuke datse rassan inabi cikin sanyi. Mu nan lafiya lau. Kaka Eufrosina tana nan da gwiwarta da faɗanta, kullum cewa take ta kusa mutuwa, amma ta fi kowa cin soyayyar fara. An shigo da masara, ta yi kyau bana. Talotalon da kika ce kada a yanka ta ƙyanƙyashe, yanzu ita ce mai gidan, mu 'yan haya ne.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali duk Lahadi muna waya. Mama, kin san halina. Da na ga fuskarki a gilashin wayar sai bakina ya mutu, in ce lafiya, in ce to, in miƙa wa Kaka. Ranar da kika tambaya ko rigar bikin ta yi mini daidai, Kaka ta fizge wayar ta ce, "Tsaf, kamar a jikinta aka saƙa!" Ba ƙarya ta yi miki ba, amma akwai abin da ya faru kafin ta zama tsaf ɗin, kuma ina so ki ji shi daga gare ni. Godiya ce zan yi, kada gabanki ya faɗi.

Bari in fara da rigar kanti da kika aiko tun da damina. Kin ce da kika gan ta rataye a babban kantin Fresno, da tsuntsayen garinmu a ƙirjinta, sai da kika tsaya kika yi kuka a gaban mutane. Ni ma na so ta, Mama, wallahi na so ta. Ga laushi, ga rashin nauyi, na sa ta na tsaya gaban madubi na ga kaina kamar yarinyar da ke bangon littafin da nake karantawa, wadda iska ke kaɗa wa gashi a bakin teku. Amma Kaka da ta karɓa ko gaban ba ta duba ba, juya ta ciki waje ta yi. Cikin fari fat, ba zare ko ɗaya. Ta ce, "Wannan ai fuska ce kawai, ba ta da hanji." Ta kuma nuna mini cewa tsuntsayen duk gefe ɗaya suke kallo kamar masu jiran mota, alhali namu biyu-biyu suke, suna duban juna. Na karanta mata ɗan ƙyallen da ke bayan wuya, sunan wata ƙasa ce can bayan teku. Ta ce Allah sarki, ko wace baiwar Allah ce ta zauna ta ɗinka tsuntsayenmu ba a gaya mata sunansu ba. Kada ki ji haushi, ina sa ta zuwa makaranta, kuma duk ajin sun tambaye ni inda aka sayo.

Kin bar kasuwarmu da rumfunan zare, yanzu rabinta dilolin gwanjo ne daga Arewa, can ƙetaren iyaka inda kike, sauran kuma irin wannan bugun injin. Yesenia 'yar Gwaggo Otilia tun tuni ta sayi nata na rawar biki, ta ce da wandon jins da farin takalmi za ta sa, kamar yadda ta gani a waya. Matan da ke shirya rawar 'yan shekara goma sha biyar sun daina hanawa, don sun ce in aka tsananta ba za a sami 'yan rawa ba. Ita kuwa Kaka tun bara ta ɗaura masaƙarta a ƙugu da gindin lemun tsakar gida tana saƙa mini huipil, rigarmu ta gado, ta gaske. Zaren ma na kamfani ne, ta ce idonta ya daina ganin kaɗi, amma hannun nata ne. Da ta gama ta haɗa fallayen, sai ga riga a shimfiɗe kan tabarma, ja wur, ba ta da wuya, tana jiran almakashin uwa kamar yadda aka yi miki, aka yi wa Kaka.

Nan ne magana ta tsaya. Gwaggo Otilia ta zo har gida ta ce ita za ta yanka, ai ta yanka wa yara da dama da iyayensu ke Arewa, mene ne a ciki. Ban taɓa ganin Kaka ta fusata irin ranar ba. Ta ce, "Marainiya ake yanka wa wuya da hannun gwaggo. Herminia tana da rai, da gumin bayanta muke cin abinci a gidan nan, ba zan binne ta da almakashi ba." Gwaggo ta ce to sai yarinya ta zauna a benci tana kallon sa'o'inta, tunda ba a rawar nan sau biyu. Kaka ta ce ta zauna ɗin. Ni ina ɗaki na buɗe littafi a fuska, ko layi ɗaya ban gani ba. Na san ba za ki iya zuwa ba, in kin zo hanyar komawa ta rufe tunda ba ki da takardun zama, kuma Brayan yana can. Ban taɓa jin haushinki a kan wannan ba, ki yarda da ni. Na riga na ce a raina zan sa rigar kantin in shiga rawa, in Kaka ta ƙi kallona shi ke nan, ko kuma in zauna a bencin. Duka biyun ɗaci gare su.

Sai da safe Kaka ta naɗe rigar a tawul ta ce in ɗauko mayafina. Muka tafi wurin Don Melitón mai kai saƙo Arewa, muka same shi yana ɗaure akwatunan cuku da barkono da gurasar masara. Ya ce shi ya kai fara, ya kai ƙasar kabari, ya kai haƙoran roba, amma bai taɓa kai riga a yanko mata wuya a dawo da ita ba. Kaka ta ce masa, "Kai Melitón, tun kana yawo ba wando na san ka. In ƙamshin cuku ya taɓa rigar nan, kada ka sake bi ta ƙofar gidana." Ya cire hula ya ce a ƙirjinsa zai ɗaure ta. Daga nan na shiga zullumi. Kullum sai in ga an buɗe akwatin a kan iyaka an riƙe, ko an manta da ita a wata tasha. A littattafan da nake karantawa, saurayi ake jira a bakin hanya. Ni duk motar da ta hawo dutsen sai na leƙa, Don Melitón nake jira, da tumbinsa da gashin bakinsa.

Ana gobe bikin San Andrés, Don Melitón ya iso. Makaɗa har sun fara gwaji a ƙofar coci. Kaka ta kwance tawul ɗin, Yesenia ma ta rugo ta gani. Mama, wuyan nan da kika yanka! Zagaye ne cif, kin kewaye shi da shuɗin ribon, ɗinkin ƙanana-ƙanana a jere kamar haƙoran jariri. Na san bayan kin taso daga gona kika yi shi, da yatsun da suka yini riƙe da almakashin datsa. Na wanke hannu, na ɗaga rigar, na zura kai. Kaina ya ƙi wucewa. Na kwance kitso na sake gwadawa, ya tsaya a goshi. Yesenia ta fashe da dariya ta ce, "Kai, Araceli, kabewa kika ɗora a wuya?" Kaka ta ce littattafan soyayya ne suka kumbura mini kai, da ma ta faɗa. Ta ja ta nan, ta ja ta can. Can sai ta saki, ta auna bakin wuyan da tafin hannunta, na ji muryarta ta sauka ƙasa. Ta ce, "Na 'yar shekara bakwai ta yanka." Dariyar Yesenia ta ɗauke.

Ina cikin rigar a lokacin, kaina a rufe, hasken rana yana shigowa ja ta cikin zaren. Sai na ji ƙamshin sabulunki. Ban san na riƙe shi a raina ba sai da na shaƙa. Na tsaya a haka na yi ta kuka ba wanda ya ga fuskata, abin da ya fi mini sauƙi ke nan. Ba kukan rawar nake ba. Na tuna safiyar da kika tafi ne, kika riƙe kaina da hannu biyu a bakin mota kika daɗe ba ki saki ba. Ashe awo kika ɗauka, kika tafi da shi, duk shekarun nan yana hannunki. Wayar tana nuna miki fuskata, amma ba ta taɓa gaya miki girmana ba.

Yesenia ta ce a kira ki. Na fito da kai na roƙe su kada a yi, kina gona, kuma na san in kika ji za ki zauna tsakanin kunyoyin inabi ki yi kuka har mai gona ya yi miki magana. Ta ce to ga nata bugun injin, in sa, ita ta taɓa sa shi ma, ba ta damu ba. Na gode mata har zuciya duk da ina da tawa ta kanti, don na san yadda take son rigar nan. Kaka kuwa tana ta laluben tawul, sai ga almakashin ya faɗo. Tsohon almakashin nan mai jan zare a hannunsa, wanda ta ba ki da za ki tafi. Ban san dalilin da ya sa kika haɗo shi ba, wataƙila don a gyara bakin zare. Ta juya shi, ta juya shi, sannan ta ce, "Uwa ta riga ta buɗe ƙofa, al'ada ta cika. Saura a faɗaɗa, kuma ni ba zan sa hannu a kan aikin 'yata ba." Ta kamo hannuna ta shimfiɗa a gwiwarta tana duban yatsun. Ta ce in dai hannun Herminia ake nema a garin nan, ga shi nan, har da karkataccen ɗan yatsan. Ta danƙa mini almakashin.

Ni da ko takarda ba na yanka ta miƙe! Kaka ta zana mini layi da gawayi, faɗin yatsa biyu a bayan ɗinkinki, Yesenia ta riƙe mini gefe tana cewa in na ɓata ta shaida ba ruwanta. Na yi addu'a, na kira sunanki a zuci, na yanka. Ta hagu ya ɗan karkace, in kin duba hoton da na haɗo miki da kyau za ki gani. Da na zagayo, sai ɗinkinki ya fita ɗungurungum kamar awarwaro, shuɗin ribon da komai, ko zare ɗaya bai warware ba. Mu uku muka zauna muka kalmashe sabon bakin. Na zura kai, ya wuce.

Na yi rawa, Mama. Rigar tana da nauyi, na yi gumi, na taka ƙafar wata sau biyu. Mu da muka sa saƙi ba mu da yawa, sauran duk bugun inji ne, kuma gaskiya daga nesa ba a bambancewa, kowa ya yi kyau. Yesenia da farin takalminta ta fi kowa iya juyi. Amma tsofaffin mata sun yi ta kamo gefen rigata suna juyawa su ga cikin, suna gyaɗa kai. Awarwaron ɗinkinki kuwa a jelar kitsona na ɗaura shi, da shi na yi rawar daga farko har ƙarshe. Akwai wani Ulises mai busa a cikin makaɗa, ya ce mini shuɗin nan ya yi kyau. Ni dai takalmina na kalla. Iyakar abin da ya faru ke nan, duk abin da Yesenia za ta ƙara miki a waya ƙarya ne.

Na gode da rigar kantin da ta sa ki kuka, na gode da wuyan da kika yanka, na gode da almakashin. Kaka ta ce zagayen tsakiyar da kika cire yana wurinki, kamar yadda kowace uwa ke ajiye na 'yarta. Na so in riƙe awarwaron nan, na ɗauka na ajiye ya fi a ƙirga, amma na ga ke ya kamata ya koma wa. Yana cikin takardar nan, na naɗe shi a ganyen masara. Ki shimfiɗa zagayen naki a kan tebur, ki kewaya masa wannan. Na tsakiyar ita ce yarinyar da kika bari a bakin mota. Faɗin da ya ƙaru kuma, shi ne ni.

Ki gaishe mini da Kawu Fidencio da matarsa Gwaggo Leonor. Ki sumbaci Brayan, ki ce masa yayarsa da bai taɓa gani ba tana da babban kai. Kaka tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man nan a baya ki daina taurin kai. Gwaggo Otilia ma tana gaisuwa, sun shirya da Kaka a wurin bikin. Almakashin yana nan na rataye shi kusa da gadona, ba zan ba Don Melitón ba. Ke za ki zo ki karɓa da hannunki.

Taki har kullum, 'yarki mai kewarki,
Araceli