Ma'aunin Zafin Muhsin

Aikin farko yau: na ɗauki ma'aunin zafin jiki na shiga ɗakin Muhsin, na manta ba ya nan.

Yaya Raki, ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Mu a nan unguwar Rusholme, ƙasar Turawa, lafiya lau, sai gajiya.

Wata ƙungiya ta kwashi yaran da suka warke daga cutar kansa, har da Muhsin, zuwa daji, su kwana a tanti, wai su daina tsoron jikinsu. Ban sani ba ko na kyauta da na yarda. Na ɓoye masa ma'aunin a jaka, ya ciro ya ce, "Umma, ke kike buƙatarsa."

Kada Inna ta ji yana kwana cikin sanyi. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Saudatu

Gobe, in Allah ya kai mu:
wanke bargonsa,
kiran GP, likitanmu,
mayar da ma'aunin cikin durowa. Yau na kasa.