Hannun da Rabi ta miƙa

Daren Alhamis, Watari

'Yata Rabi ta zo hutu daga Abuja, daga ofishin jakadancin da jami'a ta tura ta sanin makamar aiki. Baffanta ya shigo, yarinyar nan ta gaishe shi a tsaye, har da miƙa masa hannu! Wai sabo ne, haka ake yi a can.

Ya ce, "Hajiya, ta gama zuwa Abuja." Tun rasuwar Malam, abin da baffan nan nata ya faɗa shi ke nan. In ba ta ƙarasa aikin ba, babu digiri na biyu.

Na yi mata faɗa har muryata ta dushe, don rashin kunya ba ilimi ba ne. Gobe zan je in durƙusa masa a madadinta. Na san ko kallona ba zai yi ba.