Sadiƙa Mai Baƙaƙen 'Ya'yan Dara

Zuwa ga ƙanena Kamilu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hadiyya da yara. Mu nan Batsari sai godiya. Geron da muka shuka ta wajen Yasore ya yi kai, gonar Ruma kuwa har yanzu ba mai leƙa ta, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga. Ƙafar uwargida Kande ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa.

Saƙonka ya iso, cewa a cire 'yarka Sadiƙa da ke hannuna daga gasar ces, wato darar Turawa, da za a yi a Katsina. Wai ka ji ta sha kaye a wasan da aka yi a Safana ta dawo tana kuka, kuma yarinyar da ta kwana a daji ranar da aka tashe mu daga Ruma, tashin hankalin da ta gani ya ishe ta. Na ji, na kuma san tausayi ne. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. To ka saurara, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ka san darar nan ta Turawa, wadda wani ɗan bautar ƙasa ya koya mini a rumfar nama. Ƙa'idarta, mai farare ne ke farawa. Da na soma koya wa Sadiƙa, ina za ta yarda ta riga babba? Kullum sai ta juyo mini farare ta ɗauki baƙaƙe, har baƙi ya zama gidanta. Kuma ba zaman jiran duka take yi ba. In na turo sojan gaban sarki, ba ta tare shi gaba da gaba. Sai ta ɓullo ta gefe, ta bar ni in kwaso kaya in nufi sarkinta, ita kuma ta ɓalle ta ɗaya ɓangaren ta nufi nawa. Wasa ne na wanda ya riga, in ka yi jinkirin taku ɗaya ka mutu. Har hasumiyarta take bayarwa a kan doki, kamar mai sayar da sa ya sayi akuya, sai can ka ga ashe katangar sarkinka ce ta rushe. Duk da haka a ƙarshe ni ke ci, ina ta cika baki a kasuwa.

A Safana aka haɗa ta da Malam Salmanu, wani tsohon hedimasta mai furfura har a gira, ya kuwa cinye ta. Ranar kasuwa sai ga shi a rumfata, ba kuma nama ya zo saye ba. Ya ce in ji tsoron Allah in gaya masa wa ya koya wa yarinyar nan ta kayar da sa ta ƙi yankawa. Ya jera 'ya'yan darar a kan teburina ya nuna mini. Saura taku ɗaya sarauniyarta ta kashe masa sarki, ta miƙa hannu, ta dubi gemunsa, ta janye, ta tura wani soja can wanda ba ruwansa. Ya ce shi bai zo duniya cin nasarar sadaka ba. Kamilu, a nan na farga. Ashe duk cin da nake yi mata, kunya ce take ciyar da ni!

Na koma gida na ce a ɗauko allon darar. Na rantse ba zan ƙara cin tuwon da ta tuƙa ba sai ta kashe mini sarki. Kande ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Muka zauna bayan la'asar, na yi iya yina, wallahi ban saurara mata ba. Da aka zo wurin kashe sarkina, ta ce ba za ta iya ba, ni ne na goyo ta daga daji. Na ce ai shi ya sa. Ban ɗauko ta daga bakin bindiga don ta riƙa sunkuyar da kai tana miƙa wa mutane abin da yake nata ba. Girmama babba a gaisuwa yake da ɗaukar masa kaya, amma ka bar masa wasa raini ne. Sai ta durƙusa har ƙasa, ta ce in yi haƙuri, ta dire sarauniya. Sarkina ba gaba ba baya. Tana kuka ina dariya, ban taɓa jin daɗin kaye irin na ranar ba.

Ka gani ke nan, kukan Safana ba na tsoro ba ne, na wanda ya ci ne ya bayar. In ka cire ta yanzu, ka koya mata janye hannun shi ne daidai, kuma za ta yi ta janye shi a duk inda ta samu kanta. Ni zan rufe rumfa in kai ta da kaina, ko ta ci ko a cinye ta, da gaskiya dai za a yi. Sai dai ta ce in kai ka ce a'a, ko ɗaure ta na yi a babur ba za ta je ba. Na fi ƙarfin kunyar da take ji na, taka ce ban iya da ita ba. Ka kira ta, ka ce ta je, kada kuma ta raga wa kowa.

Ka gaida Hadiyya da Nasiru da auta Fanta. Kande da yaronmu Mannir suna gaishe ku. Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka mai jiran kiranka,
Muntaka mahauci, Batsari.