Allunan da Ba Mu Sa wa Suna Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai rubuta allunan shaguna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga uba, ina fatan kabarinka na da yalwa da haske. Tun rasuwarka ban kawo maka ƙorafi ba. Yau zan kawo.

Na gama shekara biyun nan a ƙaramar makarantar zane ta unguwar Moursal, wadda ka kai ni da kanka, kana cewa kwamfuta ce za ta gaji fenti. Alƙawarin da aka yi mana shi ne daga nan sai aji uku a jami'a, in dai mutum ya kai dosiye, wato kundin ayyukansa, aka duba.

Ka tuna allon mai shayin unguwar Kabalaye? Ina ƙarama na ɗauki burushi zan rubuta sunanka a ƙasa, ka riƙe mini hannu. "Mu ba ma sa suna a aiki, Allah ya san mai shi." Da wannan na shiga makaranta. Ban taɓa sa suna a zanena ba, kuma duk wanda ya miƙo filas na kwamfuta sai in zuba masa ayyukana, don ka ce ba a rowar ilimi.

Ranar tantancewa malaman jami'a suka buɗe dosiyena, suka kalli juna. Tambarin kantin turaren unguwar Diguel, da kalandar nan mai Larabci da Faransanci da na yi wata biyu a kanta, sun riga sun gan su a dosiyen wata abokiyar karatuna, da sunanta a kowane shafi. Ni aka yi wa kallon ɓarauniya, Baba. Allah ya san mai shi, na yarda. Su ba su sani ba.

Yanzu tana aji uku. Ni an ce in ina so, in fara daga aji ɗaya.

Ina jin haushinka, ina kuma jin kunyar haushin. Kai unguwa ce shaidarka, daga kan babur ake gane hannunka. Ni ka tura ni inda ba wanda ya san mu, ba ka ce mini can dokar daban ce ba. Kakanmu ya nufi Makka ya tsaya a garin nan. Ba zan gaje shi a tsayawa rabin hanya ba.

Litinin zan shiga aji ɗayan. Burushinka na cikin jakata.

Allah ya jiƙan ka, ya sa duk allon da ka ɓoye sunanka a kai ya yi maka shaida. Ka yafe mini, daga yau zan saɓa maka.

Ɗiyarka,
Zainabu Sani, wadda ta rubuta wannan da hannunta