Katin Baftismar Zalika

Yamai, 3 ga Maris

Zuwa ga Yayana Bala,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar Inna? Na rubuto ne domin tun da kunnenka ya yi nauyi, magana da kai a salula sai dai in tara maƙwabta, wannan kuwa ba ta maƙwabta ba ce.

An kawo mana sabon fasto, Yakuba. Yaro ne, amma akwai son tsari. Ya ce duk mai tsayawa gaban jama'a ran Lahadi, mai karatu ne ko mai ba da waƙa, ya kawo katin baftismarsa kafin Idin Tashin Almasihu. Yaya, shekara ashirin da biyu ni ke ba da waƙa a majami'ar nan, mata suna amsawa. Ba wanda ya taɓa tambayata kati.

Ka san ba ni da shi. Ka tuna shekarar da tafkin garinmu ya ƙafe, aka ce masu baftisma su jira damina? Kafin ruwa ya sauka an ɗaura mini aure na taho Yamai. Da fari kullum sai in ce baɗi, daga baya kunya ta rufe mini baki.

Kai ne magatakardan majami'ar Garin Tanko har yau, hatimi yana hannunka. Don Allah rubuto mini kati ɗaya. Wa zai bincika? In aka zaunar da ni, ban san abin da zan yi da bakina ran Lahadi ba.

Ƙanwarka, Zalika

*

Garin Tanko, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Zalika,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Muna lafiya, Inna tana takawa da sanda. Takardarki ta iso ta hannun direban kar, motar fasinja, na karanta ta sau uku.

Ba zan rubuta katin ba.

Amma kada ki ɗauka ina yi miki wa'azi ne, domin laifin nawa ya fi naki. Da za ki tafi Yamai, ni na rubuta miki takardar shaida zuwa ga dattawan can. Na sa "cikakkiyar ƴar ikilisiya", alhali na san ba ki shiga ruwa ba. Na ji tsoron a raina ki a gidan miji. Takardar nan ce ta hana su tambayarki. Shekara talatin da ɗaya abin yana ci mini rai, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ki je wurin faston da ƙafarki, ki nuna masa wannan wasiƙa in kina so. Ina yi miki addu'a.

Yayanki, Bala

*

Yamai, 20 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ba da daɗin rai ba. To, na je. Ka ji daɗi?

Fasto bai yi faɗa ba, sai ya riƙe kai yana cewa, "Kai, Mama!" Dattawa ne suka kwashe yini suna gardama. Wani ya ce waƙa ba wa'azi ba ce, ba kuma raba Jibin Ubangiji ba ce, a ƙyale ni. Amma Baba Isa, wanda ya girme su duka, ya buga sandarsa ya ce wadda ba ta shaida Almasihu a cikin ruwa ba, ba za ta ja jama'arsa a sujada ba, ko muryarta ta mala'ika ce. Maganarsa ta ci.

Ran Lahadi na zauna a kujerar baya, kusa da randar ruwa. Hauwa mai atamfa a Babbar Kasuwa aka ba waƙa. Baiwar Allah ta ɗauko ta can sama, a baiti na biyu murya ta ƙare mata, mai ganga ya yi gabas, mata suka yi yamma. Da a wata rana ce da na yi dariya. Kuka na yi, Yaya, na rufe fuska da gyale.

Wai kuma in shiga ajin baftisma, wata shida, tare da yaran da ni na yi wa uwayensu wankan jego. Idi kuwa saura sati uku. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, amma abin mamaki, tun ranar da na faɗa nake cin tuwo ya zauna mini.

Zalika

*

Yamai, 24 ga Maris

Zuwa ga Baba Bala, magatakarda,

Gaisuwa da girmamawa daga ɗanka a cikin aikin Ubangiji. Ni ne Yakuba, faston majami'ar da Mama Zalika take.

Ban yi tsammanin tsarin da na kawo zai faɗa kan uwar waƙarmu ba. Na bincika Littafi, ban sami ayar da ta hana marar baftisma ɗaga waƙa ba. Baba Isa kuma yana da hujjarsa: mai tsayawa gaba misali ne ga na baya. Ba na so in karya dattijo, ba na kuma so in rasa Mama.

Ga roƙona. Ta ce ta gama aji a garinku, an yi mata tambayoyi ta amsa, ruwa ne kawai ya gagara. In akwai shaidar haka a rubuce, dattawa sun yarda a yi mata baftisma da safiyar Idi a kogi, wajen Tondibiya, tare da sauran, ba sai ta sake aji ba. Har zuwa lokacin za ta ci gaba da zama a baya.

Naka cikin ladabi, Fasto Yakuba

*

Garin Tanko, 30 ga Maris

Ranka ya daɗe Fasto,

Na gode da wasiƙarka. Ga tsohon littafin ajin nan na aiko da shi ɗungum, gara ta ci gefensa amma sunanta yana nan, na huɗu a jeri, da sa hannun marigayi fastonmu. Wannan karon abin da na shaida gaskiya ne. Ka dawo mini da shi in an gama.

Bala

*

Yamai, Litinin bayan Idi

Yayana na kaina,

Almasihu ya tashi! Ina Inna? Ka karanta mata wannan da ƙarfi.

Jiya da hantsi muka sauka Tondibiya, mu goma sha ɗaya cikin fararen kaya, ni ce tsohuwarsu. Kogi ya ja baya, sai da muka taka yashi mai zafi. Wasu masunta Zabarmawa suka tsaya da jirginsu suna duba mana dorina.

Fasto ya shiga ruwa har ƙugu. Al'ada a raka masu baftisma da waƙa, amma aka yi tsit. Hauwa ta sunkuyar da kai, ta rantse ba ta ƙarawa. Rana tana dukan mutane, kowa yana kallon kowa.

Sai na ji sanda ta taɓa mini ƙafa. Baba Isa ne. Ya ce, "Zalika, ɗauko mana."

Na ce, "Baba, ai ban shiga ba tukuna."

Ya ce, "Na sani. Ɗauko."

Na ɗauko, Yaya. Mata suka amsa har masuntan suka juyo. Da waƙar a bakina na shiga kogin, ban yi shiru ba sai da ruwa ya rufe kaina.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini abin da na roƙe ka. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka, Zalika