Mai Kiwon Ƙwari a Bakin Tafki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali, da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Tun kafin a turo Baban yara nan bakin tafki aikin malamin gona, kainuwa ta rufe ruwan. Ba ƙaramar nan da muka sani ba, wata ce mai shuɗin fure, tsayinta ya kai gwiwa. In ka tsaya a gaɓa sai ka rantse fili ne. Masunta sun jingine jiragensu. Makon jiya wata mai naƙuda ta yi awa huɗu kafin a ƙetare da ita asibiti, maza na gaban jirgi suna sara da adda, alhali a da tafiyar minti ashirin ce.

A cikin wannan hali mijin ƙanwarka ya je cibiyar bincike ya dawo da ƙwari a kwalba. Ƙwari fa, Yaya, masu dogon baki, kamar na buhun hatsi. Ya jera robobi goma sha biyu a tsakar gida, har da ta wankina, ya cika su da ruwa da kainuwa yana kiwon su. Wai su za su cinye ciyawar. Yanzu a kasuwa matar Mai Ƙwari ake ce mini.

Kai ka shekara ashirin kana sayar da maganin feshi. Don Allah ka yi masa magana, yana jin nauyinka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Malam,

Gaisuwa mai yawa. Ba zan ja ka da nisa ba. Na ji kana kiwon abin da ni nake kashewa in ci abinci. Ina da maganin da zai ƙone ciyawar nan cikin mako biyu, ka faɗi girman tafkin in aiko. Kuma in ƙwarin naka suka gama da kainuwa suka haura gonakin mutane, wa zai tare maka faɗa? Ka mayar wa Auta robarta.

A gaida yara.
Yayan Auta

*

Zuwa ga Yaya, tare da girmamawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso kuma na gode da kulawa.

Maganin zai yi aiki kamar yadda ka ce. Sai dai ruwan nan shi mutane suke sha, kifinsa suke ci, kuma irin ciyawar yana kwance a laka, bayan wata uku za ta dawo.

Tambayarka ta gonaki ta hana ni sukuni, duk da masu bincike sun tabbatar mini. Don haka na rufe wasu ƙwarin da ganyen masara, wasu da na shinkafa, wasu da na wake. Ba su taɓa ko ɗaya ba har yunwa ta kashe su. Kainuwa kaɗai suke ci. Manyan suna ƙwaƙular ganye, tsutsarsu kuma tana huda karan daga ciki har ruwa ya shiga, ciyawar ta ruɓe ta nutse. Aibinsu ɗaya, ba sa sauri. Shekara biyu ne ko uku. Wata mai zuwa zan fara sakin su a tafkin.

Na mayar da robar, na kuma ba da haƙuri.

Allah ya ƙara girma.
Malam

*

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida, ya kasuwa? Ka yafe mini shirun shekara guda, hannuna bai zauna ba.

Wata biyu da suka wuce masunta suka yi taro a ƙarƙashin rumfar da suke gyaran koma, suka ce haƙurinsu ya ƙare, feshi za a yi. Ban ga laifinsu ba, wasunsu sun koma dako a kasuwa. Na bi Baban yara don kada a wulaƙanta shi ba na wurin. Aka faɗa masa maganganu. Da suka gama sai ya naɗe wando ya shiga ruwa har ƙugu, ya cizgo kainuwa ɗaya ya miƙa wa shugabansu, wani dattijo da ba ya dariya.

Ya ce, "Baba, karya da hannunka."

Dattijon ya karya. Cikin karan ya yi baƙi, duk ramuka, ga farar tsutsa tana motsi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tun yaushe take wannan aikin?"

"Wata tara, Baba. Ba ta hutu."

Dattijon ya aiki mutane su cizgo daga wurare biyar nesa da juna, don kada a ce an shirya. Huɗu suka fito da tsutsa. Ya ce a ba Malam shekara guda, kuma kowane gida ya ajiye roba ɗaya ta kiwon ƙwari.

Yanzu ni nake koya wa matan masunta yadda ake tsince ƙwarin daga gindin ganye a zuba a kwalba. Ni da nake ihu in na ga kyankyaso. A da na ɗauka taurin kai ne da shi. Ashe kullum da ya fita da sassafe, ganye ɗari yake dubawa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da ya gani, ƙafafunsa duk sun tsage saboda ruwa, bai taɓa faɗa mini ba.

Ka gaida Anti.
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Labari biyu ne, ɗaya ba daɗi.

An yi wa Baban yara canjin wurin aiki wata uku da suka wuce, zuwa can nesa, inda ko rafi babu. Ya roƙi a bar shi ya ga ƙarshen aikin, aka ce tsari ne. Ni na ce ba zan bi shi ba tukuna, yara su gama zangon makaranta, kuma robobin suna bukatar mai kula. Sai ya miƙo mini littafin da yake rubuta abin da ya gani a ganye.

Na biyu kuma, Yaya, ruwa ya buɗe. Ciyawar ta fara yin ja, ta gajarce, sai aka yi iska kwana biyu, da safe muka ga tsakiyar tafkin yana ƙyalli. Jiya jirage goma sha ɗaya suka fita. Dattijon nan ya zo ƙofar gida da kifin farko da aka kama, ya ce na Malam ne. Na ce Malam ba ya nan. Ya ce ya sani, ya ajiye ya tafi.

Na kasa rubuta masa. Duk sanda na fara sai in ga bai kamata ya ji wannan a takarda ba, kuma ba ni da halin barin gida. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki da yara. Na rufe shago kwana biyu na je na same shi. Yana ofis shi kaɗai yana cike takardun taki. Na faɗa masa komai kamar yadda kika rubuta, na kuma ce masa shi ne da gaskiya, ni na yi kuskure.

Ya ce in faɗa miki kada a zubar da robobin, a bar ko da huɗu ne, saboda ciyawar za ta sake gwadawa. Daga nan ya ce bari ya wanke fuska, ya fita wajen famfo. Ya daɗe bai dawo ba, ni kuma ban bi shi ba.

Ran Asabar zan kawo shi da motata ya gani da idonsa. Ki roƙi dattijon ya ajiye mana wuri biyu a jirgi.

Sai mun zo.
Yayanki