Ranar da Inna ta kira sunana

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ya jiki, ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Kebbe sai haƙuri.

Mun kai Inna babban asibiti kan farfaɗiyar nan. Kafin tiyata sai an gwada maganarta da tunaninta. Likita ya nuna ni, ya ce ta faɗi sunana. Ta sunkuyar da kai. Ya zaci mantuwa ce, sai da na ce masa ni ɗan fari ne, kunya ce.

Daga baya suka yi mata allurar da ke sa ɓarin ƙwaƙwalwa guda barci, ɓarin da ciwon yake. Likita ya ce nan take magana ta ɗauke. An nuna mata ludayi ta kasa faɗin sunansa, sai da allurar ta sake ta sannan magana ta dawo. Wai in aka yanka wurin, bakinta na iya tafiya har abada. In aka bari kuma, kun san yadda ta faɗa murhu bara.

A hanyar dawowa gida, a tashar Tambuwal muna jiran mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Umaru." Tunda aka haife ni ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce, "Bari in faɗa tun ina iyawa."

Kawu, ni aka ce in yanke shawara, wallahi na kasa. Ku sa mu a addu'a. A gaida Goggo da yara.

Ɗanku,
Umaru